Inda Rauda Ta Faɗi

Duk abin da Malam Dattijo ya sani game da Mudassiru, ta taga ya ji shi. Ɗakin kati na asibitin Tudun Kanya taga ɗaya gare shi, tana kallon rumfar da marasa lafiya ke zaman jira, kuma babu maganar garin da ba ta fara ratsa rumfar nan kafin ta isa kasuwar Kura. A nan aka ce Mudassiru ya canza tun damina. Aka ce in ka ɗaga masa hannu daga nesa ba ya amsawa, sai ka zo har gabansa ka yi sallama. Aka ce ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya daina zuwa teburin mai shayi. Maza suka ce girman kai ne, don Alhaji Uba ya ba shi aron gona a ƙarshen kanal. Mata kuwa abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne matarsa Rauda. Matar da a da ba a ganin ko gefen mayafinta a waje, yanzu kullum tana gaba yana biye da ita zuwa gona, wani lokaci har riƙe da tsintsiyar hannunta.

"Wai abinci take kai masa," in ji Iya Saude, wadda ke zuwa awon hawan jini ko jinin ya hau ko bai hau ba. "Wane abinci ne ake kaiwa tun rana ba ta fito ba, mai cin abincin kuma yana bayanki? Tsaronta yake yi. Ni dai na faɗa."

Malam Dattijo ba ya tanka irin wannan hira. Sauraro ne nasa. Ya daɗe yana sharar asibitin kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fara fito masa, kuma ranar da aka damƙa masa ɗakin kati bai gaya wa kowa irin daɗin da ya ji ba. A shekarar 2006 wasu ma'aikata suka zo daga Kano, suka tara masu kati na yankin a Kura, suka koya musu sabon aiki. Duk wanda ya zo da rauni, ba za a tsaya ga rubuta yanka ko karaya ba, sai an sa lambar yadda abin ya faru da lambar inda ya faru. Gida sifiri ne, titi huɗu, gona bakwai, tara kuwa ta wurin da ba a sani ba ce. Faɗuwa da lambarta, yankan ƙarfe da tasa, haka cizon dabba, haka dukan da mutum ya yi wa ɗan'uwansa da gangan. Matar da ta koyar da su ta ce da waɗannan lambobi ne za a gane inda mutane ke jin ciwo, a san inda za a gyara. Sauran masu kati suna ta hamma, Malam Dattijo kuwa ya ɗauki maganar ya riƙe.

Mutanen Tudun Kanya ba su so sabon aikin ba.

"Malam, kati na zo karɓa, ba gaban alƙali na zo ba," in ji wani manomi da ƙofar ruwan kanal ta datse wa yatsa. Kowa a rumfar ya san ba ranar rabon ruwansa ba ce ya je buɗe ta. Ya ce daga babur ya faɗo, Malam Dattijo ya dubi yatsan, ya dubi mutumin, ya sa lambar titi. Wasu suka fara cewa takardun nan hannun hukumar ruwa suke zuwa, wasu suka ce na 'yan sanda. Kafin rani ya yi nisa, Malam Dattijo ya saba da jin amsa yana neman abin da ke bayanta.

Zuwan Rauda asibitin na farko, yanka ne a ƙwauri. Ta ce wuƙa ce, a gida. Na biyu gwiwa ce ta kumbura, fatar ta sale, ta ce santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya, a gida. Duk ya sa sifiri. Zuwanta na uku ya faɗo ranar da rumfar ta cika, mata da goyo, maza da kwalaben allura, zafi ya fara sauka. Ta miƙo tsohon katinta da hannun dama. Na hagu yana cikin mayafi, da ta buɗe shi sai ga damtse ya kumbura, da wani baƙin layi miƙaƙƙe a kai. Mudassiru yana tsaye a bayanta, ya kafe idonsa a bango.

Tagar tana da raga, dole mutum ya ɗan ɗaga murya.

"A ina abin ya faru?"

"A gida, Baba."

"Yaya aka yi?"

"Faɗuwa na yi."

"Wancan karon ma faɗuwa kika ce."

"To, ai ƙafa ce, ba ta yin shawara da ni."

Wasu mata suka yi dariya. Malam Dattijo bai yi ba. Ya yi shekaru yana ganin mutanen da suka faɗi, bai taɓa ganin ƙasa ta bar wa mutum layi kamar an ja da ƙota ba.

"Wa ke gidan lokacin da kika faɗi?"

Iya Saude ta daina fifita.

"Babu kowa," in ji Rauda.

"Ina wurin," in ji Mudassiru.

Tare suka yi maganar. Rauda ta janye katinta ta shiga ɗakin magani, mijinta ya bi ta, kafaɗarsa ta bugi ƙyauren har ya yi ƙara. Mutane suka kalli juna.

Da aka tashi aiki, Malama Fa'iza, ma'aikaciyar lafiyar da ke riƙe da asibitin, ta leƙo ta same shi da fensir a hannu.

"Baba, har yanzu kana kan takardar Rauda? Sa faɗuwa ka wuce. Takardun nan in sun je Kano ɓeraye ne ke karanta su."

"Ke kin yarda faɗuwa ce?"

"Ban yarda ba. Na tambaye ta a ciki, ƙofa a rufe, ba ta ce mini kome ba. Kai kuma ka tambaye ta a gaban rabin gari."

"Aiki ne ya ce a tambaya."

"Aiki bai ce a gaban Iya Saude ba."

Ta tafi ta bar shi. Ya daɗe yana juya fensirin, sannan ya sa lambar dukan ganganci, ya biyo ta da sifiri.

Lambar ba ta fita daga ɗakin kati ba, amma tambayar ta riga ta fita. Kafin mako ya zagayo, ana cewa mai kati ya kama Mudassiru. Wasu suka ce ya rubuta sunansa an kai Kano. Mata suka tuno da daren da suka ji kamar kuka daga gidan, waɗanda ba su ji ba ma suka tuna. A masallaci, wanda ke tsayawa kusa da Mudassiru a sahu ya fara neman wani gurbi.

Ranar Laraba da hantsi babur ya tsaya a ƙofar asibitin. Iliyasu ne, yayan Rauda, wanda ke aiki a wani injin casar shinkafa a Kura. Ƙaiƙayi na manne a gashin girarsa. Bai tsaya a taga ba, ya zagayo ya shiga ɗakin.

"Baba Dattijo, Allah ya saka da alheri. Da ba ka yi magana ba, da sai gawarta za a kawo mana."

"Ban yi magana ba. Tambaya na yi."

"Na je gidan jiya. Ita ta ce faɗuwa ce, kamar yadda ya koya mata. Shi kuma na ce masa, ga Alƙur'ani, ka dafa ka ce hannunka bai taɓa ta ba. Ka san abin da ya ce?"

Malam Dattijo ya girgiza kai.

"Ya ce ba zai rantse ba. Ko kallona bai yi ba." Iliyasu ya share gumi da hularsa. "Na kai ƙara wurin dagaci, ranar Asabar za a zauna. Ko ya sake ta, ko in ɗauke ta, ɗaya za a yi. Tun da mahaifinmu ya rasu ni ne ubanta. Kai ne shaidata."

"Shaidar me? Ni ban ga kome ba."

"Ka ga hannun. Sau uku ka rubuta da hannunka. Mutum mai karatu irinka ba zai tambaya haka a banza ba."

Bayan tafiyarsa maganar nan ta ƙarshe ta zauna wa Malam Dattijo a ƙirji. A da, da an kira shi mai karatu sai ya kwana yana jin daɗi. Yanzu aure ne za a kashe da bakinsa, kuma in aka tambaye shi ko rijiyar gidan tana gabas ne ko yamma, bai sani ba. Sau uku ya sa lambar gidan da bai taɓa gani ba.

Ranar Juma'a da sassafe, kafin lokacin buɗe taga, ya hau kekensa ya nufi gidan Mudassiru. Ya yi sallama ba a amsa ba. A zaure babur yana jingine, tayoyi sun sace, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ai sun fita tun ɗazu, ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Bai koma asibiti ba, sai ya bi gefen kanal.

A farkon kanal ruwa cike yake, yana gudu a cikin siminti, gonakin tumatir sun yi ja, ana loda kwanduna a motoci. Masu aiki suka gaishe shi, suka tsaya suna duban inda ya nufa. Da ya yi nisa kanal ya tsuke, ciyawa ta cinye rabinsa, gonakin suka fara yin tsalli-tsalli, wasu ma ba a nome su ba. Ƙarshen kanal ke nan, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya ƙoshi. Can ya hango koren albasa, fangali bayan fangali, an gyara su tsaf. Ya sauka ya jingine keken a gindin darbejiya.

Rauda ce a cikin gonar. Ta ɗaure zane a ƙugu, taɓo har gwiwa, hannun hagu a rataye da ɗankwali, tana buɗe bakin fangali da fartanya a hannu ɗaya. Mudassiru yana durƙushe a bakin kanal yana lalubar ƙasa. Tiyon da ake janyo ruwa da shi yana kwance dab da gwiwarsa, hannunsa yana ta wuce shi.

"Hagu, Maigida," in ji Rauda, ba ta ko ɗago ba. "Ƙara kaɗan. Yauwa."

Ya kama tiyon, ya nutsa shi a ruwa, ya toshe bakin da tafinsa, ya jefa shi cikin gona. Ya karkata kunne har ya ji ruwa ya kama gudu.

"Na ukun ya cika," ya ce. "Rufe shi ki buɗe na gaba."

Malam Dattijo ya tsaya a inda yake, bai san tsawon lokacin da ya yi ba. Daga baya ya yi sallama. Rauda ta saki fartanyar. Mudassiru ya amsa, ya juyo da kansa gaba ɗaya, a hankali, daga dama zuwa hagu, ya wuce Malam Dattijo, ya dawo, sannan idonsa ya tsaya a kansa.

"Malam mai kati ne?"

"Ni ne."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Mudassiru ya zauna a kan simintin, ya wanke hannunsa a ruwan da ba ya buƙatar wankewa.

"To ka gani," ya ce. "Abin da ke gabana sak shi kaɗai nake gani, kamar mai leƙe ta cikin tiyon nan. Gefe da gefe babu. In wuri ya yi duhu kuwa, shi ke nan. Na je Kano a ɓoye bayan sallah, suka ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci. Suka ba ni na ɗigawa. Wanda ya tafi dai ba zai dawo ba."

"Ciwon ƙwaurinta fa?" Tambayar ta fito kafin Malam Dattijo ya yi shawara da ita.

"Lauje ne, tana yanke ciyawar kanal. Gwiwa kuma nan ta zame, ga wurin can. Ba ta saba ba, tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Hannun kuwa ni ne. Na ɗaga fartanya zan sari ƙasa, ban san tana gefena ba. Ƙotar ta same ta. Yaya Iliyasu ya ce in dafa Alƙur'ani in ce ban buge ta ba. Ta yaya zan dafa?"

Rauda ta fito daga cikin fangalin, ta gyara mayafinta da hannu ɗaya. Ba ta gaishe shi ba.

"Baba, da ka kira ni ciki ka tambaye ni, wataƙila da na gaya maka. Amma ta taga, Iya Saude tana zaune? Ka manta ƙanwarta ce ke aure a gidan Alhaji Uba? In na ce gona da safe, kafin azahar ya ji matar Mudassiru ce ke ba albasarsa ruwa. Zai tambayi dalili. Wa zai bar wa makaho gonarsa?"

"Rauda," in ji mijinta.

"Ba zagi ba ne, Maigida, abin da zai ce ne."

Malam Dattijo ya ji magana ta taso masa har maƙogwaro. Ya san wadda ta kamata. Ya buɗe baki, sai wata ta fito.

"Ashe duk bakwai ne."

"Bakwai me?"

"Lambar gona. Ni kuma sifiri na yi ta sawa."

Rauda ta dube shi, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo ta'aziyya yana tambayar farashin taki. Ta juya ta ɗauki fartanyarta.

"Saura 'yan makonni a cire albasar nan," in ji Mudassiru. "In aka cire, ko ya karɓi gonar mun sami na shekara. Ka rufa mana asiri zuwa lokacin."

"Gobe fa, a gaban dagaci?"

"Ka ce ba ka sani ba. Ai da ma ba ka sani ba."

Ranar Asabar zauren dagaci ya cika. Zaure ne na ƙasa mai kaurin bango, haske ba ya shiga sai ta ƙofa. Dagaci yana kan buzu, liman a damansa, Alhaji Uba a hagu cikin dattawan gari yana jan carbi. Rauda tana zaune a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Mudassiru ya shigo a bayan wasu, yana bin bango da kafaɗa, ya zauna a inda ƙafarsa ta taɓa tabarma. Matasa sun yi cincirindo a waje.

Iliyasu ya faɗi ƙararsa, ya lissafa raunukan, ya faɗi maganar rantsuwa. Sannan ya nuna Malam Dattijo.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Dattijo, "ban ga kowa ya doki kowa ba. Zato na yi. Na kuma yi shi a inda kunnuwa suka yi yawa."

"Zaton ya fita ke nan?" in ji dagaci.

"Ya fita."

"Me ya fitar da shi?"

Malam Dattijo ya dubi tabarma.

"Ni zan faɗa," in ji Iliyasu. "Jiya da safe an gan shi a hanyar gonar Mudassiru. Ranar Laraba yana tare da ni, ranar Juma'a ya je gona, yau ya manta kome. Baba, buhu nawa aka yi maka alkawari?"

Surutu ya tashi a waje. Wani ya ce da ma masu rubutun nan haka suke. Malam Dattijo bai ɗago ba. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Rauda, mijinki yana dukanki?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To wannan hannun fa?"

"Faɗuwa ce."

Liman ya gyara zama, ya yi magana a hankali. "Mudassiru, abin nan mai sauƙi ne. Ba sai ka dafa kome ba. Ka ce a gaban jama'a, tsakaninka da Allah, ba kai ka ji mata wannan ciwo ba."

Fuskar Mudassiru tana kallon wani wuri tsakanin liman da bango.

"Dubi yadda yake ɗauke kai," in ji wani dattijo. "Ko liman bai isa ya kalla ba."

Dagaci ya yi ajiyar zuciya. "To. Ni ba zan kashe aure a zauren nan ba, ba aikina ba ne. Amma ba zan mayar da mace inda ake karya ta ba. Rauda za ta bi yayanta Kura yau. In akwai sauran magana, a yi ta gaban alƙali."

"Ba inda za ni," in ji Rauda.

"Tashi," in ji Iliyasu, ya miƙe. "Ko kayanki ba sai kin ɗauka ba."

"Yaya, don Allah."

"Na ce ki tashi."

Malam Dattijo ya dubi Mudassiru. Ya ga hannunsa yana shafa bakin tabarma, yana komawa, yana sake shafawa. Ya san in Rauda ta hau babur ɗin nan, ko hanyar gidansa mutumin nan ba zai gane da sauƙi ba, balle ta gona.

"Ranka ya daɗe," in ji Mudassiru. "Tun da na shigo zauren nan ban ga fuskar kowa ba. Da murya na san kana nan. Da murya na san Alhaji yana nan, na ji tarinsa."

Ya faɗi sauran a taƙaice, ba tare da ya canza murya ba: idon, da asibitin Kano, da wadda ke riƙe da fartanya tun farkon rani, da yadda ƙota ta sami hannunta. Da ya gama, dattijon da ya yi maganar ɗauke kai ya shiga gyaran hularsa. Iliyasu yana tsaye har yanzu. Ya ɗaga hannunsa a gefen fuskar Mudassiru, ya kaɗa shi a hankali, kamar mai jin kunyar abin da yake yi. Idon bai ƙifta ba. Ya koma ya zauna.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?" ya ce da ƙanwarsa, muryarsa ta dushe.

"Da ka gaya wa matarka, Yaya. Ita kuma ta gaya wa Kura."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Alhaji Uba. "Allah ya ba da lafiya. Wannan jarrabawa ce." Ya ja carbinsa kaɗan. "Wato tun farkon rani mace ce ke ba albasar ruwa."

"Albasar ta yi kyau, Alhaji," in ji Malam Dattijo. "Na gan ta da idona."

"Ba na musu. Gobe zan tura a duba mini ita."

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan dubawa. Liman ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi Alhaji, ya shafa fatiha. Dagaci ya ce ƙara ta mutu, kowa ya kama gabansa.

A waje rana ta take. Matasan suka dare suka ba da hanya, babu mai kallon wani. Iliyasu ne ya fito da Mudassiru, ya riƙe masa gwiwar hannu da ƙarfi fiye da kima, Rauda tana biye tana gaya masa inda dakali yake. Mutane ba su watse ba, sun tsaya rukuni-rukuni a inuwar katanga. Iya Saude ma tana can cikin mata, ta rufe baki da gefen mayafi.

Malam Dattijo ya ɗauko kekensa. Hanyar gidansa ta yamma ce, babu wanda zai tare shi. Ya tura keken kaɗan, ya tsaya, ya jingine shi a bango. Ya dawo ya sha gabansu. Da farko ya tsaya a gefe, sai ya tuna, ya matsa ya tsaya sak a gaban Mudassiru, ya jira har idon ya same shi. Mutum ne da ba a saba jin muryarsa ba sai ta raga, don haka da ya ɗaga ta, na cikin inuwa duk suka juyo.

"Mudassiru, ni na jawo maka wannan. Na zarge ka da abin da ba halinka ba ne, na sa gari ya zarge ka, yau kuma ga gonarka. Rauda, ke ma na tozarta ki a gaban mutane. Tun jiya ya kamata in faɗa, na kasa. Don Allah ku yafe mini."